Me Ya Hana Mu Fim Irin Na Kakanni Biyu?

Da an ce fim ɗin Koriya, soyayya da kyawawan samari ke faɗo wa yawancinmu a rai. Ni kuwa wani tsohon fim nasu ne ya hana ni barci, don ina kallonsa ina ganin Jos.

Sunansa Jangma, wato lokacin marka, Yu Hyun-mok ya ba da umarninsa a 1979. Labarin yaƙin Koriya ne na 1950 zuwa 1953, amma a cikin gida ɗaya. Yaro ne da kakanninsa mata biyu. Ɗan kakarsa ta wajen uwa sojan Kudu ne, aka kashe shi. Ɗan kakarsa ta wajen uba kuwa ya bi 'yan gurguzu cikin duwatsu. Wadda aka yi wa rashi ta tsine wa 'yan gurguzu, ɗayar ta ji da ɗanta ake, sai gaba ta shiga tsakaninsu. Wani mai duba ya faɗi ranar da na dutse zai dawo, aka yi girki ana jira, sai ga ƙaton maciji ya shigo gidan. Uwarsa ta suma. Wadda ta yi tsinuwar ce ta ɗauki macijin a matsayin kurwarsa, ta lallashe shi ya tafi, suka shirya. Ban yarda da duba ko komawar mamaci maciji ba, mai karatu. Abin da ya kama ni shi ne fim ɗin bai ce hawayen wata ya fi na wata tsada ba.

Kada a ce ai su an sakar musu mara. A 1955 hukuma ta tare fim ɗin Piagol don ya nuna 'yan gurguzu a matsayin mutane, sai da aka ƙara tutar Koriya ta Kudu a ƙarshensa. A 1965 har tsare Lee Man-hee aka yi kan wani fim nasa na fursunonin yaƙi mata.

To mu fa? A Jos hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979, a nan kuma Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa take. A nan rikici ya ɓarke ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001, ya sake dawowa a 2008 da 2010, har gari ya rabu, Unguwar Rogo ta zama ta waɗannan, Unguwar Rukuba ta waɗancan. Alhali akwai gidajen da kakar yaro ɗaya ke zuwa masallaci, ɗayar coci. Amma a yawancin finafinan Hausa da na kalla, idan Kirista ya fito, ko dai abin dariya ne, ko kuwa ana jiran ya musulunta kafin a tashi.

Wani abokina ya ce irin wannan fim tayar da tsohon miki ne. Ina jin tsoronsa, don kalma ɗaya kan iya tayar da gari. Sai dai yaran da aka haifa bayan 2001 sun riga sun ji labarin, kowa daga bakin ɓangarensa kaɗai.

Mu da ke nazarin harshe, mu ne za mu rubuta wa 'yan wasa maganar bakinsu. Da Hausa tsofaffin nan biyu za su yi faɗa a Jos, da ita kuma za su yi wa juna ta'aziyya. Ni dai na fara rubuta fitowar farko, inda suke tsintar shinkafa a faifai ɗaya ba mai ce wa wata uffan.