A BA MU LASISI KAFIN MU ƘARASA FATAR 'YA'YAN MUTANE

Rubutun yau yana da tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Na kuma san wasu 'yan'uwana masu sana'a za su ji haushina, to sai dai su ji. Shekarata goma sha ɗaya ina gyaran jiki da ƙunshi a garin Dutse, da wannan sana'ar nake ciyar da 'ya'yana, don haka in na yi magana a kanta ba daga waje nake leƙe ba.

Ranar Larabar da ta wuce wata baiwar Allah ta kawo min 'yarta daga wani ƙauye ta wajen Kiyawa, saura kwana tara ɗaurin aure. Yarinyar na cire hijabi sai da gabana ya faɗi. Kumatunta biyu sun yi baƙi kamar gindin tukunya, sauran fuskar ta yi ja, jijiyoyi kore sun fito raɗa-raɗa a hannunta, cinyoyinta duk nankarwa mai faɗi irin ta mai ciki, alhali ko ɗakin miji ba ta shiga ba. Na ce, "Mama, me aka shafa mata?" Ta ce wani haɗi ne suka saya a wajen wata mata da suka gani a WhatsApp, aka ce kwana bakwai zai haskaka ta. Da suka ga ya fara aiki sai suka ci gaba har wata uku. Robar ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, ki rufa mana asiri, ki yi mata dilka ko za ta koma daidai." Na ce, "Mama, wallahi in na goga dilka a fatar nan saɓulewa za ta yi. Wannan ya wuce ni, ku tafi asibiti yau ɗin nan." Ita kuwa yarinyar tana kuka tana cewa, "Anti, zai warke kafin biki?" Ban iya ba ta amsa ba.

Mai haɗin fa? Ta toshe lambarsu. Na tabbata yanzu haka tana can tana tallata wa wasu.

To tambayata ga mahukuntan Jigawa ita ce: wa ya ba wannan matar izinin taɓa fatar mutane, kuma wa zai iya karɓe izinin? Amsar ita ce babu, domin tun farko ba a neme ta da komai ba. Ni ma da nake wannan maganar ba wanda ya taɓa gwada ni. Ranar da na buɗe shago ba a tambaye ni ina na koya ba, ba a tambaye ni ko na san bambancin kyasbi da ƙuna ba. Masu karɓar haraji ne kawai suka san ƙofata.

Ku duba fa. Mai kemis sai ya samu lasisin Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa kafin ya sayar da ko da maganin ciwon kai. Mai ruwan leda sai da lambar NAFDAC. Direba sai da lasisin tuƙi. Amma wadda za ta haɗa sinadarai huɗu a cikin roba ta shafe jikin budurwa da su tun daga goshi har tafin ƙafa, waya da data kawai take buƙata. Fisabilillahi wannan tsari ne?

Bari in faɗa muku abin da ke cikin yawancin waɗannan haɗe-haɗen, don mu da ke cikin harkar mun sani. Na farko akwai man tub mai sinadarin sitiroyid, irin su kilobetasol. Magani ne na ciwon fata da likita ke rubutawa a shafa na ɗan lokaci a daina. In aka daɗe ana shafa shi yana siranta fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya hana rauni warkewa da wuri, in ya yi yawa a jiki har hawan jini da ciwon suga yana jawowa. Ku tuna wannan amaryar ce gobe za ta zo haihuwa, wataƙila a yi mata tiyata, a nemi fatar da za ta riƙe ɗinki. Na biyu akwai haidirokwinon, wanda in aka daɗe a kansa yake mayar da fuska baƙi-baƙi, baƙin da ke da wuyar fita. Na uku zaiba, wadda 'yan boko ke kira makuri. Ita wannan ba ta tsayawa a fata, tana shiga jini ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana kuma kaiwa ga jaririn da ke ciki da wanda ake shayarwa. Jihar da ma take fama da masu ciwon ƙoda, ai ba ta buƙatar a ƙara mata wata ƙofar.

Ko ƙunshin da muke ganin ba komai, baƙin lallen nan da ake zuba wa dayis yana da sinadarin PPD, na rinin gashi ne. Wata in aka zana mata sai hannun ya kumbura ya yi ruwa, zanen ya zauna mata tabo. Ga reza da allura da ake yi wa mutum biyar aiki da guda ɗaya, alhali ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa har mako guda a jikin ƙarfen da jini ya taɓa. Yanzu kuma an shigo da sabon salo, wai allurar fari da ƙarin ruwa a cikin ɗaki, a hannun wadda ko makarantar jinya ba ta taɓa leƙawa ba.

Wani zai ce ai akwai NAFDAC. E, akwai, kuma dokarta ta hana sa zaiba da sitiroyid a man shafawa, ta kuma ƙayyade kada haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100. A 2023 shugabarta, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, tana kafa hujja da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da suka ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. Duk na yarda. Amma NAFDAC kaya take yi wa rajista, kwalba da kwali. Hannun da zai buɗe kwalba uku ya juye su a roba ɗaya a tsakar gida a Takur ko Yalwawa, wa ke duba shi? Nan ne giɓin yake, kuma gwamnatin jiha ce ta fi kusa da shi.

Hani kaɗai ma ba ya wadatarwa. Ƙasar Gana ta hana man haidirokwinon a 2016, Ruwanda ta bi kasuwanni tana kwashe man bilicin tun ƙarshen 2018, amma kayan sai suka koma ƙarƙashin tebur. Muddin akwai mai nema, za a samu mai sayarwa. Abin da ya fi shi ne a san su wane ne masu sana'ar, a koya musu, a ba su abin da za su ji tsoron rasawa.

A Amurka, a jihar New York, sai mutum ya yi awa 600 yana karatu, ya ci jarrabawar rubutu da ta aiki, kafin a ba shi lasisin gyaran fata. Ba na cewa mu kwafo nasu. Na kawo shi ne don a ga cewa akwai inda ake ɗaukar fatar mutum a matsayin abin da ba kowa ke taɓawa ba. Kuma ma ba sai mun je Amurka ba. A ƙasar Hausa yaushe yaro ya taɓa wayar gari ya ɗauki zabira ya ce shi wanzami ne? Sai ya shekara da shekaru yana bin ubangidansa, yana riƙe ƙaho, yana wasa aska, kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. In ya yi ɓarna akwai Sarkin Aska da za a kai ƙararsa. Mahauta suna da Sarkin Fawa, maƙera suna da nasu. Wannan shi ne lasisin kakanninmu. Mu ne sana'armu ta girma da waya, ta tashi ba uba ba sarki.

Na san abin da 'yan'uwana za su rubuta a ƙasa: "Kin samu shago kin ƙoshi, yanzu kina so a toshe wa talaka hanyar abinci." Tsoron nan gaskiya ne, ban raina shi ba. Mun saba a ƙasar nan duk abin da aka kira rajista ya koma rasit, duk rasit ya koma hanyar tatsa. Akwai zawarawa da marayu da ƙunshin sallah ne ke saya musu hatsi. In lasisin da za a kawo na kuɗi ne mai yawa, da fom na Turanci, da sai kin san wani, to ni ce ta farko da za ta yaƙe shi.

Amma ku tsaya ku yi lissafi. Wa rashin tsarin yake cuta? Hajiyar da ke da hali Kano ko Abuja take tafiya wajen likitan fata. 'Yar talaka ce ke sayen haɗin roba. Sannan mu masu yi tsakani da Allah, da kurkum da lalle da dilka da halawa, mu ne kasuwarmu ke mutuwa, domin ni zan ce wa amarya gyara sai a hankali kuma ba zan canza mata launin da Allah Ya ba ta ba, waccan kuma ta ce kwana bakwai. Wa kuke ganin za a bi? In abin ya ɓaci kuma a ce "masu gyaran jiki", a haɗa mu duka. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ga irin lasisin da nake nufi.

Na ɗaya, a raba aikin gida biyu. Mai kitso da jan lalle zalla rajista kawai za ta yi a ƙaramar hukumarta, kyauta, da bita ta yini ɗaya a kan tsabta. Wadda za ta yi gyaran fata ko haɗa man shafawa ita ce za ta yi horo ta ci gwaji.

Na biyu, horon ya zama da Hausa, na 'yan makonni, gwajin kuma a yi shi da baki da aikin hannu, don wadda ba ta yi boko ba kada a bar ta a baya. Masu koyarwa muna da su: ga kwalejin kimiyyar lafiya a Jahun, ga ta jinya a Birnin Kudu, ga likitoci a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a nan Dutse. A koya mana tafasa kayan aiki, gwada abu a ɗan wuri kafin a shafa a jiki duka, karanta abin da ke jikin kwali, da sanin lokacin da za ki ce wa mutum tafi asibiti.

Na uku, a ja layi a fili: allura, ƙarin ruwa, yanka, da man da likita ke rubutawa ba aikinmu ba ne. Duk wadda ta tsallake a karɓe lasisinta a sanar.

Na huɗu, masu dubawa su zama ma'aikatan lafiya mata da duba-gari, tare da wakilan masu sana'ar. Kada a mayar da shi samame da kame, a riƙa jefa mata a bayan mota ana ɗaukarsu hoto. In aka yi haka kowa zai koma ɗaka ya kulle ƙofa, ɓarnar ta ƙaru.

Na biyar, kowace mai lasisi ta rataye katinta da lambarta a inda take aiki, ta sa a tallanta, a kuma samar da layin waya guda da uwa irin wadda ta zo wajena za ta kira.

Wannan ba abin da ya fi ƙarfin jiha mai ƙananan hukumomi 27 ba ne. Kullum ana taron koyar da mata sana'a, a yi kwana uku, a raba akwatin kayan kwalliya, a ɗauki hoto a watse. Ba na ƙin tallafi, amma ba wa mutum kayan aiki ba tare da ilimin illarsa ba kamar ba wa yaro aska ne. Ko rabin kuɗin irin waɗannan tarukan aka juya, ya isa a fara gwaji a Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu. Ina kira ga Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi, da Ma'aikatar Lafiya, da Ma'aikatar Mata, da 'yan Majalisar Dokokin Jiha, musamman mai wakiltar Dutse: ku kira mu, mu zauna, mu faɗa muku yadda harkar take daga ciki.

Ku ma maza ban bar ku ba. Kai ne za ka ce "ni fara nake so", uwarka da ƙannenka su zo ganin amarya suna ƙus-ƙus a kan launinta, sannan gobe ka hau Facebook kana zagin masu bilicin. Iyaye mata kuma, don Allah ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wadda ta ce za ta mayar miki da 'ya fara a mako ɗaya, ki tambaye ta me ke cikin robar. In ta ce sirri ne, ki ja hannun 'yarki ku fita.

Jiya na kira mahaifiyar yarinyar nan. An ba su magani, an ce gyaran zai ɗauki watanni, kuma an gargaɗe su a kan sake shafa wani haɗi. Biki dai ba a ɗaga ba, da hoda za a rufe fuskar. Ta ce min, "Hajiya, da na san haka ne da na bar ta da baƙinta."

Duk mai wannan sana'a a Dutse da kewaye da ta yarda mu haɗu mu rubuta takarda zuwa majalisa, ta yi min magana ta akwatin saƙo. Wadda ba ta yarda ba ma ta faɗi hujjarta a ƙasa, ba zagi, zan amsa. Ku tura wa wakilanku wannan rubutu.

Allah Ya ba yarinyar nan lafiya, Ya sa albarka a aurenta, Ya tsare mana 'ya'yanmu. Amin.