Anita ba sunanta ba ne

A shekarar 2015 tashar Channel 4 ta Ingila ta fara nuna wani fim mai dogon zango mai suna Humans, wanda ya ci zango uku har zuwa 2018. An ɗauko labarin ne daga wani fim na ƙasar Suwidin. A cikinsa, duniya ta kai lokacin da ake ƙera mutum-mutumi mai kama da ɗan Adam sak, ba ka gane shi sai ta ƙwayar idonsa mai launin kore shar. Ka je shago ka saya kamar yadda kake sayen firij, ya yi maka shara da wanki da reno, da dare ka jona shi a caji. Da a Garwa ne, da ranar da aka ɗauke wuta sai uwargida ta koma kan tsintsiyarta.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce Anita, rawar da Gemma Chan ta taka. Uwar gidan, Laura, lauya ce, aiki yana yawan fitar da ita. Miji ya gaji da tulin kwanuka da hidimar yara uku, sai ya je ya sayo Anita bai yi shawara da matarsa ba. Laura ta dawo ta tarar gida fes, abinci a jere, ƙaramar 'yarta Sophie kuma ta fi son Anita ta karanta mata labari kafin barci, saboda ita ba ta gaggawa. Hajiyar da ke hawa mota zuwa Ngaundere ta kama jirgin ƙasa zuwa Yawunde saro kaya, ko mai tsallakawa Yola da Mubi ta yi mako biyu, ta san wannan zafin. Ki dawo da tsaraba niƙi-niƙi, yaro ya karɓa ya ruga bayan 'yar aiki.

To amma abin da ya fi wannan nauyi yana gaba. Ashe Anita ba sabuwa ba ce kamar yadda aka sayar da ita. Sunanta na gaskiya Mia, tana da tunani, tana jin ciwo a zuciya, tana da 'yan uwa irinta da ke nemanta, har da wani yaro, Leo, da ta rena tun yana ƙarami. Sace ta aka yi, aka danne abin da ke ƙwaƙwalwarta, aka kai ta kasuwa. Gidan da ya saye ta ya raɗa mata sabon suna, shi ke nan.

Nan ne fim ɗin ya daina zama na Turawa. Ku duba gidajenmu a Marware da Yelwa da Pumpumre. Yarinya ce wata dillaliya ta kawo daga ƙauye, wata daga can wajen Mayo-Kani, wata daga Chadi. Sunanta ya yi mana wuyar faɗa, sai mu ce daga yau ke ce Ladi. Wani gidan ko wannan ba ta samu ba, “ke yarinya” ne har ta tafi. Hausa ba ta ji, Fulatancin ma kame-kame take yi, shirun nan nata sai mu ɗauka rashin wayo ne. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, ita ta san wane yaro ne ba ya cin kuɓewa. Mu kuwa a tambaye mu sunan mahaifiyarta, sai inda-inda. Kuɗin watan ma sau da yawa hannun dillaliya yake faɗawa, yarinyar ko dala ba ta gani.

Akwai wurin da fim ɗin bai ɓoye ba, ni ma ba zan ɓoye ba. Wata rana da Laura ba ta nan, maigidan ya aikata abin kunya da Anita, yana lallashin kansa da cewa ai na'ura ce. Da maganar ta fito, sai da auren ya girgiza. Wanda aka mayar kayan gida, ba shi da bakin cewa a'a, kuma ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Alhaji, wannan da kai nake, da samarin da ke gidanka.

Dokar aiki ta Kamaru ta 1992 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Sauran ba sai hukuma ta zo ba: lambar wayar iyayenta a wayarki, kuɗinta a tafin hannunta ko a ajiye da saninta, hutu ta je gida lokacin Sallah, ko Kirsimeti in ita ce tata. In za ki yi doguwar tafiya, ki san a wane ɗaki take kwana, kuma ƙofar tana da sakata.

A gidan su Laura, babbar 'yarsu Mattie, mai ƙwaƙule-ƙwaƙulen kwamfuta, ita ce ta tona har aka gano akwai wata Mia a ƙarƙashin Anita. Ba mamaki a gidanki ma yaran sun daɗe da sanin sunan Ladi na gaskiya.