Sharhi: Karon Mota a Cikin Haraba, Wa Ke Da Alhakin Biya?

Tun da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, ta mayar da yawancin harkokinta Gidan Kwano a kan hanyar Bida, ƙauyen ya cika da gidajen hayar ɗalibai da shaguna da gidajen mai. Motoci sun yawaita, kuma ba duk karo ne ke aukuwa a kan kwalta ba. Wani a harabar gida ne, lokacin da direba ke ja da baya.

Mutane da dama sun ɗauka cewa da zarar mota ta shige ƙofa, doka ta tsaya a waje. Wannan kuskure ne. Wanda ya yi sakaci ya lalata dukiyar wani, biyan diyya na kansa, ko a titi ko a tsakar gida. Inda gizo ke saƙar shi ne batun inshora. Dokar 1945 da ta wajabta inshorar ɓarnar da mota ta yi wa wani, da Dokar Inshora ta 2003, duk a kan hanya suka yi magana. Ingila ta taɓa faɗawa wannan rami: a 1998 kotun ƙolinta ta wancan lokaci ta ce wurin ajiye motoci ba hanya ba ne, sai da aka gyara dokar a 2000 ta haɗa da duk wurin da jama'a ke shiga.

A Nijeriya, Hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin wannan inshora na motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a Janairun 2023, diyyar dukiya kuma ta kai Naira miliyan 3. 'Yan sanda sun fara tilasta ta a Fabrairun 2025, kuma a shekarar aka yi sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin tsoffin. Tunda kuɗi ya ninka sau uku, wajibi ne hukumar ta bayyana wa jama'a dalla-dalla matsayin karon da ya auku a haraba. Kafin nan, abin da ke rubuce a takardar inshora shi ne hujja, ga shi kuwa akasarin direbobi sun saye ta ne domin shingen 'yan sanda kawai, ba su taɓa karanta ta ba.

Masu wuraren kuma sun dogara da allon nan mai cewa kowa ya ajiye motarsa a kan alhakinsa. Suna da madogara: a 2002 Kotun Ƙoli ta wanke otal ɗin Imo Concorde na Owerri a ƙarar Mai Shari'a Anyah, wanda aka sace motarsa a harabar otal ɗin. Amma wannan shari'ar sata ce, kuma mai motar bai danƙa ta a hannun otal ba. Idan maigadi ya karɓi makulli domin gyara fakin ya buga motar wani, da wuya allo ya ceci ubangidansa.

Saboda haka ya kamata mai gidan haya ko gidan mai a Gidan Kwano ya shata layin fakin, ya sa fitila, ya hana yaransa taɓa makullin kowa, sa'an nan ya tambayi kamfanin inshora farashin kariya daga ɓarnar da ta sami baƙi a harabarsa. Direban da aka buga kuwa ya ɗauki hoto kafin a motsa motocin, ya rubuta lambar inshorar ɗaya ɓangaren da sunayen shaidu biyu, ko da za a sasanta a wurin mai gyara.