Yadda kujera ɗaya ke canza harajin mota a Birtaniya

1/ Jama'a, a Birtaniya za ka ga ababen hawa biyu suna aiki iri ɗaya a gona ɗaya, guda ba ya biyan ko sisi na harajin hanya, ɗayan kuma a ce bai cancanta ba. Me ya raba su? Kujerar zama, wallahi. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ A can, duk abin da zai hau titin gwamnati sai hukumar DVLA ta yi masa rajista ta jefa shi wani rukuni. Rukunin nan shi ke yanke nawa za ka biya duk shekara, ko da a gida kana kiran motarka jakin gona.

3/ Akwai rukunin ƙananan motocin noma, harajinsa sifili. Sharuɗɗansa huɗu: kada nauyi ya wuce kilo 1,000, ƙirar ta zama ta bin daji, aikin ya tsaya kan noma ko lambu ko gandun daji, sannan kujerar direba kaɗai ce a jiki.

4/ Babur mai ƙafa huɗu, wanda makiyayan can ke zagaya tumaki da shi, ya cika duka. Amma 'yar motar gona irin John Deere Gator ko Polaris Ranger, mai kujera biyu da ɗan bodi a baya na ɗaukar harawa, ta faɗi a sharaɗi na huɗu.

5/ Sai mai ita ya nemi wata ƙofa. Akwai rukunin taƙaitaccen amfani, shi ma kyauta, amma kada tafiyarka a kan titi tsakanin gonakinka biyu ta wuce kilomita 1.5. In ta wuce, ko ka sayi mai takardun tarakta, ko ka biya kamar kowa.

6/ Nan abin yake min ciwo. Babur ɗin nan ba rufi, ba bel, kuma kifewarsa na cikin abubuwan da ke kashe manoma a can. Mai kujera biyun tana da kejin ƙarfe da bel. Wato doka ta fi sauƙaƙa wa wanda ya fi haɗari. Haba!

7/ Mu hau sama, wajen manya. Toyota Hilux a-kori-kura ce, rukunin ɗaukar kaya. A Afrilun 2025 an sa harajinta fam 345 a shekara, komai hayaƙinta. Jif kuwa motar fasinja ce, da hayaƙi ake auna ta.

8/ Sabuwar jif da ke fitar da sama da giram 255 na iskar kabon a kilomita, a Afrilun 2025 an sa mata fam 5,490 a shekarar farko kaɗai. Land Cruiser da Hilux kuwa akwai masu injin dizal iri ɗaya, lita 2.8. Hanci bai san bambancin hayaƙinsu ba, takarda ce ta sani.

9/ Kamfanoni ma sun gane wasan. Suzuki ya janye Jimny mai kujera huɗu daga kasuwar can saboda dokar hayaƙi, ya dawo da ita a 2021 bayan ya cire kujerun baya. Shi ke nan ta zama motar kaya 😂

10/ Ga wani abin dariyar: daga Afrilun 2025, hukumar haraji ta HMRC tana lissafa a-kori-kura mai ƙofa huɗu a matsayin motar fasinja wajen harajin motar kamfani. A harajin hanya kuwa tana nan motar kaya. Gwamnati ɗaya, suna biyu.

11/ Na san wani zai ce dole a ja layi a wani wuri, in ba haka ba duk mai kuɗin da ke da motar shaƙatawa zai ce shi manomi ne. Gaskiya ne, na yarda. Amma ai sharaɗin aikin noma kaɗai ya riga ya toshe wannan kafar.

12/ Ni a ganina, a auna haraji da abin da ake iya gani: nauyin da ke cin titi, hayaƙin da ake shaƙa, da aikin da motar ke yi. Ƙidayar kujera hanyar ragwanci ce, mai wayo ya cire kujera ya wuce, ƙaramin manomi ya biya.

13/ Kada mu ce can ne kawai. A Najeriya ma lamba mai jan rubutu ta haya ce, mai shuɗi ta gida, kuɗin lasin kuma da rukuni yake tafiya. Dokar kuɗi ta 2020 ta rage harajin kwastam na tarakta daga kashi 35 zuwa 5.

14/ To in irin 'yar motar gonan nan ta sauka a tashar Apapa, tarakta ce ko mota? Wanda ya amsa wannan shi ya yanke farashin da manomin Kura ko Bakalori zai tarar.

15/ Shi ya sa in an fito da sabuwar dokar haraji nake fara duba sashen ma'anar kalmomi kafin na duba adadin kuɗi. Ku fa, da me ya kamata a auna, kujera ko hayaƙi? Ina jiran ku a ƙasa 👇