Jan Layin Na'ura da Jar Tawadar Malam

Gaisuwa ga masu bibiyar wannan shafi na kusa da na nesa, daga 'yan'uwanku mazauna Owendo, bakin tashar jiragen ruwan Gabon, kudu da birnin Libreville.

Shekara da shekaru, harsuna uku sun ishi Bahaushen da ke zaune a wannan ƙasa, daga Bitam da Oyem har zuwa nan bakin teku. Hausa ce ta gida da zumunci, Larabci na salla da karatu, Faransanci kuwa na ofis da makaranta da asibiti. Yau na huɗu ya shigo, wato Ingilishi, kuma ya shigo ne ta ƙofa biyu. Ta farko ƙofar hukuma ce. A watan Oktoba na 2012 gwamnatin Ali Bongo Ondimba ta bayyana niyyar ɗaukaka Ingilishi a ƙasar, bisa koyi da Ruwanda wadda ta mayar da shi harshen koyarwa a 2008. Sannan a watan Yuni na 2022, a taron Kigali, Gabon da Togo suka shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, alhali Ingila ba ta taɓa mulkin Gabon ba. Ta biyu kuwa ƙofar kasuwa ce, kuma ita ta fi faɗi. Jirgin ƙasa yana sauke ma'adinin manganis na Moanda a nan Owendo, kamfanonin Indiya da na Sin suna sarrafa katako a Nkok, 'yan kasuwarmu na Mont-Bouët suna odar kaya daga Dubai da Guangzhou da Legas. Takardun jiragen ruwa da wasiƙun waɗannan kamfanoni yawancinsu da Ingilishi suke zuwa, kuma da shi ake son amsa.

Mu da muke riƙe wa dattawan al'umma alƙalami, a gabanmu waɗannan takardu suke bi: wasiƙa zuwa ofishin jakadanci, takardar neman gurbin karatu ga yaro a Najeriya ko Gana, amsar ɗan kasuwa ga wanda ya aiko masa da kwantena. A da sai an nemi wanda ya yi boko a Najeriya ko yammacin Kamaru, a jira shi ya sami sarari. Yanzu kowane yaro yana da mai gyara a aljihunsa. Manhajar Microsoft Word tana ja wa kalmar da aka ɓata jan layi tun 1995. Grammarly, wadda wasu 'yan Ukraine suka kafa a 2009, tana duba ginin jimla. Akwai LanguageTool, akwai kuma Antidote ta Montreal, wadda masu Faransanci suka daɗe da sani kafin a ƙara mata Ingilishi. Daga ƙarshen 2022 kuma ChatGPT da ire-irenta suka zo, masu iya sake wasiƙa ɗungurungum.

Ra'ayinmu a kan waɗannan manhajoji shi ne a yi amfani da su, a kuma koya wa yara amfani da su, amma a ɗauke su a matsayin mai duba allo, wanda ake komawa wurinsa bayan an rubuta. Wanda ya miƙa musu alƙalamin gaba ɗaya ya sa hannu a kan maganar da ba tasa ba, kuma ranar da rigima ta tashi shi za a kira.

Amfaninsu ba ya ɓoyuwa. Rubutun Ingilishi ba ya bin lafazinsa. Harafi guda yana da karatu iri-iri, wani ma a rubuta shi a ƙi furta shi. Wanda ya koyi harshen da kunne a bakin tasha yana iya yin ciniki da shi sarai, amma da ya ɗauki alƙalami sai asiri ya tonu. Takarda mai kurakurai kuwa tana zubar da girman mai ita tun kafin a karanta buƙatarsa. Idan na'ura za ta rufa wa dattijo asiri a gaban ma'aikacin banki, ta kuma nuna wa ɗalibi kuskurensa cikin dare ba tare da tsawa ko dariya ba, to wannan ni'ima ce, kuma ƙin karɓarta ba tsantseni ba ne.

Sai dai ya kamata mu san yadda take aiki, domin a nan iyakarta take. Tsohuwar hanya ita ce ta gwada kowace kalma da ƙamus: wadda ta samu ta wuce, wadda ba ta samu ba ta ja mata layi. Sabuwar hanya ita ce ta ƙiyasta, daga ɗimbin rubuce-rubucen da aka ciyar da ita, wace kalma aka saba gani a irin wannan gurbi. Ta kowace hanya, abin da ta sani shi ne yadda mutane suka saba faɗa. Abin da ke zuciyar mai wasiƙa ba ta da labarinsa.

Ga mu mazauna ƙasar Faransanci haɗarin ya ninka, saboda harsunan biyu suna da kalmomi masu kama ɗaya da ma'ana daban. "Délai" a Faransanci wa'adi ne, "delay" a Ingilishi jinkiri ne. Ɗan kasuwar da ya so ya ce ya yarda da wa'adin kwana 30, idan ya ɗauko kalmar yadda take, ya rubuta da hannunsa cewa ya yarda a makara masa da kwana 30. "Demander" roƙo ne cikin ladabi, "demand" kuwa nema ne irin na mai bin bashi, don haka wasiƙar neman alfarma takan koma ta gadara. "Éventuellement" na nufin mai yiwuwa, "eventually" na nufin daga ƙarshe abin zai faru. Wanda ya so ya ce wataƙila zai saya, sai ga shi ya ɗauki alkawari. A duk waɗannan nahawu daidai yake, baƙaƙe daidai suke, babu dalilin jan layi, amma ma'ana ta juya baya.

Haka lambobi suke. A rubutun Faransanci 2,500 biyu da rabi ne, a na Ingilishi dubu biyu da ɗari biyar ne. Kwanan wata 04/05 a Gabon da Ingila 4 ga Mayu ne, a Amurka 5 ga Afrilu ne. Kusan wata guda tsakanin karatun biyu, kuma kowa ya san kwantena ba ta kwana a tasha kyauta.

Harshenmu ma yana da nasa tarkon. Hausa ba ta raba "p" da "f" ba, shi ya sa "pull" da "full", ko "past" da "fast", suke rikice mana. Mai sayar da kayan girki da ya so odar cokali mai yatsu, "fork", idan ya rubuta "pork" ya yi odar naman alade, kuma a cikin jerin kaya, inda babu jimlar da za ta fallasa kuskuren, na'ura za ta iya barinsa ya wuce lami lafiya, tunda dukkansu suna cikin ƙamus. Sunayenmu kuwa su ne suka fi shan jan layi. Mutum guda Ousmane ne a takardar haihuwarsa ta Gabon ko Nijar, Usman ne a bakin danginsa na Kano. Aboubacar ne a nan, Abubakar ne a can. Waya takan sauya suna da kanta zuwa wata kalmar da ta sani. Harafi ɗaya da ya saɓa wa fasfo ya isa ya tsayar da kuɗin da aka aiko, ko ya hana yaro rajistar makaranta. A nan dokar ɗaya ce: suna yadda yake a fasfo, ko na'ura ta ja layi goma.

Mu da muka tashi a makarantar allo, jan layi ba baƙonmu ba ne. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Abul Aswad Addu'ali na Basra ne ya fara sanya ɗigo mai launi don nuna wasali, bayan kuskuren karatu ya yawaita a bakin mutane. Har yau Alƙur'anin da alarammominmu suke rubutawa da hannu baƙaƙensa da baƙar tawada ne, wasulansa da ja. Kakanninmu sun ɗauki gyaran harshe ilimi mai zaman kansa: suka karanta Ajurrumiyya ta malamin Fas, suka hardace Alfiyya ta Ibnu Malik, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu kuma ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Abin lura a tarbiyyarsu shi ne yadda ake gyaran. Almajiri ne yake rubuta allonsa, ya kai wa malam. Malam ya nuna masa inda ya yi tuntuɓe, ya sa shi ya gyara da hannunsa, ya biya har ya zauna, sannan a wanke. Malamin da ya karɓi alƙalami ya riƙa rubuta wa almajiri allo har girma, ya cuce shi, ko da rubutun ya yi kyau.

Wannan tarbiyya ita muke son a ɗauko a kai wa na'ura. Yaro ya fara rubuta wasiƙarsa da kansa, gwargwadon iyawarsa, sannan ya kai ta ga manhaja. Duk inda ta ja layi, kada ya danna amincewa sai ya karanta dalilin, domin yawancinsu suna bayar da bayani ga mai son karantawa. Ya ajiye ɗan littafi inda yake rubuta kurakuran da suke maimaituwa; zai tarar ba su da yawa, su ne dai suke zagayowa, kuma cikin 'yan watanni zai ga jan layin yana raguwa. Ya kuma daidaita manhajar tun farko, domin wadda aka saita a Faransanci za ta ja wa Ingilishi layi daga sama har ƙasa. Ingilishin ma iri biyu ne a rubuce tun bayan ƙamus ɗin Noah Webster na 1828: Ingila tana rubuta "colour" da "cheque", Amurka "color" da "check". Wasiƙa zuwa Najeriya ko Gana ko Indiya tsarin Ingila ya fi dacewa da ita, kuma kada a gauraya biyun a takarda ɗaya.

Wani zai ce, tunda na'ura tana iya rubuta wasiƙar baki ɗaya, har ta fassaro ta daga Hausa ko Faransanci, mene ne amfanin wahalar koyo? Maganar tana da ƙarfi, musamman ga dattijon da shekaru suka ja, wanda ba za a mayar aji ba. Shi kam ya yi amfani da ita, amma ya sa wanda ya iya ya karanta masa, ya fassara masa baki da baki kafin ya sa hannu. Ga yaro kuwa amsar ita ce, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai san harshen ba, ba zai gane lokacin da na'ura ta ƙara abin da bai ce ba, ko ta sassauta abin da ya so ya tsananta. Sannan akwai ranar da za a kira shi hira ta neman aiki a kamfanin jiragen ruwa, ko ya zauna a ɗakin jarrabawa inda aka karɓe wayoyi a bakin ƙofa. A ranar zai gane cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma batun amana, wanda ya fi shafar masu irin aikinmu. Yawancin waɗannan manhajoji, rubutun da aka zuba musu yana tafiya ta intanet zuwa kwamfutocin kamfaninsu a wata ƙasa, a can ake duba shi. Takardar rabon gado, sulhun ma'aurata, lambar fasfo, bayanin asusun banki, duk sirrin mutane ne da aka damƙa mana. Wanda zai duba irin wannan takarda ya cire sunaye da lambobi tukuna, ko ya tsaya ga mai duba baƙaƙen da ke aiki a cikin kwamfutarsa ba tare da intanet ba. Gyaran nahawu bai kai darajar tona asirin gida ba.

Kada kuma himmar gyaran Ingilishi ta mantar da mu namu. Abin takaici ne a ga yaro yana kaffa-kaffa da kowane harafi na harshen wasu, amma idan ya zo Hausa ya rubuta ta yadda ya ga dama, ba lanƙwasa, ba rabon kalma. Ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, haka ɗaki da daki, haka ƙafa da kafa. Allon rubutu na waya irin su Gboard yana ɗauke da Hausa da ƙugiyoyinta, ɓ da ɗ da ƙ, ga duk wanda ya shiga saiti ya zaɓa. Ɗanmu da aka haifa a Owendo, wanda bai taɓa zama ajin Hausa ba, ya fi kowa buƙatar a nuna masa wannan.

Muna kira ga iyaye da malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyinmu na nan Gabon da sauran ƙasashen zama, da su ware wa matasa lokaci, ko da awa ɗaya ce a mako bayan la'asar, wanda ya iya ya zauna da su, kowa da wayarsa da littafinsa, a rubuta, a duba, a tambayi dalili. Takardar al'umma kuma, duk kyan da na'ura ta yi mata, kada ta fita sai idon mutum biyu ya bi ta, domin sunan dattijo ne a ƙasanta.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare alƙalumanmu daga abin da zai ja mana nadama.