Sauri Kan Haifi Nawa: Magana Kan Na'urorin Rubuta Talla

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubuta talla, irin su Jasper da Magic Write na Canva, suka yawaita. Da yawa daga cikinmu, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, mun fara dogara da su wajen shirya sanarwar ofis ko tallan ɗan kasuwancinmu. Ba mu ƙi ci gaba ba, amma ya wajaba mu dubi yadda aka tsara fuskar waɗannan manhajoji.

Tsarin nasu kusan ɗaya ne: akwati guda na rubuta buƙata, da maɓalli guda na dannawa. Kafin ƙiftawar ido sai ga talla mai daɗin karatu. Alhali kuwa na'urar ba ta san farashin kayanka ba, ba ta kuma san ko maganin da kake sayarwa yana warkarwa ba. Aikinta shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, gwargwadon rubuce-rubucen da aka horar da ita da su. Saboda haka takan ƙago alƙawari da irin ƙarfin gwiwar da take faɗin gaskiya, fuskar manhajar kuma ba ta rarrabe maka su.

To, wa zai ɗauki alhaki? A Nijeriya, dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta tanadi a tantance talla kafin a fitar da shi, tallan magani kuwa sai da amincewar NAFDAC. Hukuma ba za ta kira na'ura ta amsa tambaya ba. Wanda ya danna maɓalli shi za a nema.

Ga kuma batun harshe. Rubutun Hausa kaɗan ne a intanet idan aka gwada da na Turanci, don haka Hausar na'urar takan zo da ƙirar Turanci, wani lokaci ma ta watsar da lanƙwasar baƙaƙe, "ƙafa" ta koma "kafa".

Muna ganin tsari nagari shi ne wanda zai fara tambayar mai talla ainihin bayanan kayansa kafin ya rubuta komai, ya sa alama a kan duk da'awar da na'urar ta ƙara daga kanta, ya faɗi iyakar ƙwarewarsa a harshen da aka zaɓa, sa'an nan ya ajiye matakin dubawa gaban maɓallin bugawa. Masu cewa wannan zai rage sauri sun yi gaskiya, amma mintin dubawa ya fi araha a kan zubewar mutuncin ofis ko na ɗan kasuwa.

'Yan'uwa masu karatun kimiyyar kwamfuta, ku ne masu tsara manhajojin gobe, ku gina su da wannan tunani. Mu kuwa masu amfani da su, kada mu sa hannu a kan jimlar da ba za mu iya kare ta a gaban jama'a ba.