A yi wa kaji allura tun kafin ɗari

A ƙasar Tsauni, da wuya a shiga gida a rasa kaji. Wani gida biyar, wani goma, wani har da zabi da agwagi da tantabaru. Yawancinsu na mata ne da yara. In baƙo ya sauka, kaza ake kamawa. In yaro ya yi zazzaɓi, kaza ake kaiwa kasuwa a sayo magani. In lokacin komawa lakwal ya yi, kuɗin zakara ne ke zama littafi da alƙalami. Kaza ita ce asusun talaka.

Amma kusan kowace shekara, in an gama aikin kaka, iskar hunturu ta taso, sai wannan asusu ya fashe. Ciwo ya kan shigo gari. Kaza ta daina ci, ta saki fikafikai, ta tsaya wuri ɗaya kamar mai gyangyaɗi. Kashinta ya koma kore, numfashinta ya riƙa fita da ƙyar. Wata wuyanta ya murɗe, ta yi ta zagaya har ta faɗi. Kafin mako biyu, akurki ya zama kango. Sai mutane su ce: "Lokacinsu ne, kowace shekara haka suke yi." Wannan magana ba daidai ba ce. Ciwon yana da suna, an san hanyar da yake bi, kuma akwai abin tare shi.

Likitocin dabbobi suna kiran shi ciwon Niyukasal. An fara gane shi a shekarar 1926, a tsibirin Jawa na ƙasar Indunisiya da kuma kusa da garin Niyukasal na Ingila. Daga wannan gari ya samu sunansa. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta. Tana fita cikin kashi da majinar kaza marar lafiya, ta shiga ruwan sha da tsaba. Tana maƙalewa ga takalmi, ga keji, ga hannun mai cinikin kaji. Kazar da ta ɗauka ta kan yi kwana 5 ko 6 tana kiwo garas, wani lokaci har mako biyu, kafin ciwon ya bayyana. Agwagi kuma su kan ɗauke shi ba su kwanta ba, su raba wa kaji.

Abin da ya kamata kowane mai kiwo ya riƙe shi ne: in ciwon nan ya kama kaza, babu maganin da ke warkar da ita. Kafso ɗin nan ja da rawaya da ake saye wurin masu talla ba ya taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan. Barkono da ɓawon maɗaci da ake jiƙawa a kaskon ruwa, su ma haka. In an ga kaza ɗaya ta tashi bayan an ba ta su, ƙarfin jikinta ne ya cece ta. Sauran tara da suka mutu, ai su ma sun sha.

Abin da ke tare ciwon shi ne rigakafi, kuma iri biyu ne. Akwai allura, wadda ƙarfinta ke kai wajen wata 6. Akwai kuma na ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya ga kowace kaza, babba ko ƴar tsako, a maimaita bayan wata 4. Wannan na ido, mai suna I-2, masana na jami'ar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya suka samar da shi domin kajin ƙauye, kuma ya fi sauran jure zafi. Ko wane iri aka yi, jikin kaza yana bukatar wajen mako biyu kafin ya yi ƙarfin kare kansa. Don haka watan Oktoba ne lokacin yi, ana cikin girbi, tun kaji suna lafiya lau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu ƙin rigakafi suna da hujjoji biyu, kuma ya kamata a saurare su. Na farko su kan ce: "Bara an yi wa kajin wane allura, kwana uku suka mutu duka. Allurar ce ta kashe su." Kajin sun mutu, wannan gaskiya ne. Amma in aka bincika, sau da yawa sai a tarar ba a kira mai allura ba sai da kajin maƙwabta suka fara zuba. Ciwon ya riga ya shiga jiki, allura ta zo a makare. Wani lokaci kuma maganin ne ya lalace, don an bar kwalba cikin rana. Maganin rigakafi sanyi yake so. Mai ɗauke da shi ya sa shi cikin akwatin ƙanƙara, na ido kuwa a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Mai kaji yana da ikon ya duba wannan kafin ya miƙa kazarsa.

Na biyu su kan ce: "Kaza ai kiwon kanta take yi, ba ta kai a kashe mata kuɗi ba." A nan lissafi ne zai raba gardama. Kuɗin zakara guda ya isa a yi wa kajin gida duka rigakafi, har a samu saura. Wanda ya ƙi sayar da zakara ɗaya da kaka, ya kan zubar da goma a juji da ɗari. Wane ne ya yi tattali cikin su biyu?

Sai dai aikin ba na gida ɗaya ba ne. Kwalba guda ta kan isa kaji 100 ko fiye, kuma in an buɗe ta ba ta daɗewa. Kajin gari kuwa tare suke tono, tare suke sha, danga ba ta raba su. Ya kamata mai gari da shugabannin ƙungiyoyin mata su tsai da rana ɗaya, a sanar da ma'aikatan kiwo na Matamaye ko mataimakinsu na ƙauye. Ran nan da safe kada a buɗe akurki sai mai allura ya wuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi ciwon muni. Da mutum ya ga kajinsa sun fara gyangyaɗi, sai ya ɗaure su ya nufi kasuwa, ya sayar da araha. Mai saye ya koma gida yana murna, bai san annoba ya rungumo ba. Da haka ciwo ke tashi daga wannan gari zuwa wancan, har ya ƙetare iyaka ta Ɗan Barto zuwa Daura, ko ya shigo daga can. Abin da ya faru a 2006 ya isa darasi. A farkon watan Fabrairu na wannan shekara aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji ta jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare, an tabbatar da ita a Magarya, maƙwabciyar ƙasar Kance. Hukuma ta sa aka kashe tsuntsaye masu yawa. Murar tsuntsaye ta yi kama da ciwon Niyukasal, sai awon likita ke bambanta su, ita kuwa tana iya kama mutum. Saboda haka in kaji suna mutuwa da yawa, a gaya wa ma'aikatan kiwo nan da nan. Wadda ta mutu a binne ta a rami mai zurfi ko a ƙone ta, kada yara su yi wasa da ita. Sabuwar kaza kuma, ta kasuwa ce ko ta kyauta, a ware ta ita kaɗai aƙalla mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

Rigakafi ba ya ɗauke hidimar yau da kullum. A share akurki, a kai kashin gona. A barbaɗa toka saboda ƙuma da kwarkwata. A wanke kaskon ruwa kowace safiya. Da marece a ba su dussa ko tsaki, ƴan tsaki a tono musu gara, a kife su da kwando saboda shirwa.

Ƴan makaranta suna da nasu rabo cikin wannan aiki. Yaron da ya iya rubutu ya samu takarda ya ƙidaya kajin gidansu, ya rubuta ranar da aka yi musu rigakafi da ranar da za a sake. In ranar ta matso, ya tuna wa inna da baba. In bazara ta yi, ya sake ƙidaya, ya gwada da na gidan da ba a yi ba. Lissafin nan shi zai nuna wa gari mai gaskiya.